Farin Yadin da Ke Adakar Iya

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ba zan taɓa mantawa da ranar da na mutu a barandar ajinmu ba. Mutuwar ma ban iya ƙarasa ta ba, sai da aka tashe ni a tsakiya.

Lokacin ina aji biyar a sakandaren jeka-ka-dawo ta garinmu, can cikin ƙauyukan Minjibir. Malam Sabi'u, mai koya mana adabin Turanci, ya ce ranar raba kyaututtuka za mu yi wasan kwaikwayon da muke karantawa, wani tsohon labarin Turawa na shugaban da aminansa suka haɗa baki suka kashe. Ni ya zaɓa na zama shugaban. Na ɗauka don iya Turancina ne (daga baya na gano duk ajin ni na fi tsawo, kuma shugaban da wuri yake mutuwa, haddarsa ba yawa). Tun daga ranar kaina ya kumbura. Ko ciyawar awaki na je yankowa, sai in tsaya a gona ina yi wa karan dawa jawabi.

Malam ya nuna mana hoto, ya ce mutanen wancan zamanin farin ƙyalle suke yafawa, kowa ya nemo nasa. Wasu suka kawo zanin gado, wani ya zo da labulen ɗakin yayarsa. Ni kuwa na ce shugaba guda ba zai fito da zanin gado mai furanni ba. Sai na tuna da adakar Iya.

Iya kakata ce, ita ta haifi Babana, ita kuma ta riƙe ni tun ina shekara bakwai, bayan Baba ya rasu. Na taɓa ganin ta fito da kayan adakarta tana shanyawa, na hango wani farin alawayyo a ninke, sabo dal, yana ƙamshin kafur. Ban tambayi ko na mene ne ba. Na san idan na ce aro nake so za ta iya hanawa, sai na ba kaina fatawa cewa abin da za a mayar ba sata ba ne. Ranar da ta shiga maƙwabta barkar haihuwa, na zaro makulli a ƙarƙashin matashinta, na cusa yadin cikin jakar littattafaina.

Abokina Nasiru, wanda zai fara soka mini wuƙar katako, shi aka ɗora wa haɗa jini. Ya ce zoɓo kaɗai ba ya fitowa daga nesa, don haka ya ƙara masa jar galura ya ƙulla a ledojin da zan ɓoye a ƙarƙashin yadin. Da ya nuna mini har cewa na yi ya ƙara. A tunanina sabulu zai gyara komai kafin Iya ta sake buɗe adaka.

Ranar bikin, da hantsi, aka jera bencina a inuwar darbejiya. Dagaci ya zo, liman ya zo, mata suka zauna gefe guda. Iya ba ta zuwa taron makaranta, ni na yi kwana uku ina roƙonta. Da ta ce idonta ba ya gani daga nesa, da kaina na zaunar da ita a bencin gaba, dab da baranda.

Na fito ina jan farin yadi a ƙasa, ina zuba Turancin da babu mai ji sai Malam. Aka kewaye ni, aka caccake ni, ledoji suka fashe. Na yi tangaɗi har sau uku (sau ɗaya Malam ya ce), sannan na zube a bakin baranda, gefen yadin ya zuba ƙasa wajen ƙafafun Iya. Na rufe ido. Wurin ya yi tsit, ni kuwa a kwance ina jin daɗi, wai na girgiza zukatan jama'a.

Sai na ji ƙarar sanda a kan siminti. Na ji ana jan yadin a hankali, kamar ana laluben wani abu a gefensa. Sannan na ji muryar Iya a saitin kunnena, ba ta ko ɗaga ta ba.

"Tashi ka cire. Ba kai aka saya wa ba."

Na buɗe ido ɗaya. Tana riƙe da kusurwar yadin, inda aka rubuta sunanta da ajami da shuɗin biro. Ni duk ban lura da rubutun ba. Yara suka fashe da dariya suna cewa gawa ta tashi. Ana cikin haka wata tsohuwa daga cikin mata ta yi salati, ta ce likkafanin Iya ne. Dariyar ta ɗauke. Na miƙe na warware shi, na tsaya daga ni sai singileti da gajeren wando, galura na ɗiga daga haɓata, a gaban dagaci da liman da duk 'yan matan ajinmu. Iya ta naɗe yadin da danshinsa ta saƙale a hammata, ta kama hanyar gida. Ban san yadda aka ƙarasa wasan ba.

Gwaggo, ƙanwar Babana, ita ta ba ni labarin da yamma. Shekarar da Baba ya je aikin Hajji, Iya ta ce ba ta son tsarabar komai sai likkafani. Ya saya a can, ya tsoma shi a ruwan zamzam da hannunsa, ya shanya, ya rubuta sunanta don kada ya ɓace cikin kayan alhazai. Da ya miƙa mata, ta ce saura ya sa ta a ciki da kansa. Bai cika shekara da dawowa ba, shi aka riga sawa a likkafani.

Da Iya ta zage ni, ko ta sa an zane ni, da na samu sauƙi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ja ruwa a rijiya ta wanke yadin sau uku, ta shanya a kan danga, ja ya koma ruwan hoda ya tsaya nan. Na same ta zaune tana kallonsa, na durƙusa na ce zan yi ƙodagon cirar gyaɗa in sayo mata wani a kasuwar Ɗambatta.

Ta ce, "Alawayyo ai ya cika kasuwa. Ba jan ne ya dame ni ba. Ruwan da ubanka ya sa masa ne na wanke da hannuna."

Ban taɓa jin na tsani kaina kamar lokacin ba. Na yi kuka, ita ce ma ta koma rarrashina.

Da damina ta kewayo Iya ta kwanta ciwo, kwana tara Allah ya yi mata rasuwa. An sayo sabon farin yadi, na ɗauka da shi kaɗai aka suturta ta. Sai bayan mun dawo daga maƙabarta Gwaggo ta kira ni ɗaki, ta ce tun Iya na da ƙarfinta ta bar wasiyya cewa wancan za a sa mata daga ciki, a rufe da sabon daga waje. Gwaggo ta ce ta nuna mata ai ya ɓaci, Iya ta ce, "Ɗana ya jiƙa shi, jikana ya rina shi. Duk nawa ne, da shi zan tafi."

Ashe makarar da na sa wa kafaɗa, ta'asata ce a cikinta.

Daga ranar ban sake hawa dandamali ba, ko a maigadi aka ce in fito. Jarrabawar adabi kam na ci, domin har yau zan iya gaya muku yadda mutanen wata ƙasa da ban taɓa gani ba suke yafa ƙyalle a zamanin da. Abin da ke cikin adakar da na yi shekara goma ina kwana kusa da ita ne ban sani ba. Yanzu duk abin da na ga tsoho ya ninke ya ajiye, tambaya nake yi tun yana da bakin ba ni amsa.