Biko a Butik ɗin Tsoho Illa

"Ina kwana, maigida? Ko in gaida ƙudaje, tunda su kaɗai ke ciniki a nan?"

Tsoho Illa ya ɗago kai daga kan benci. Wata uku ke nan ɗan butik ɗinsa, wato kantinsa na garin Guci, ba ya ganin mutane, tun da matan unguwa suka fara haɗa kuɗi suna saro shinkafa da mai daga Magariya su raba. Shugabarsu kuwa jikarsa ce, Ruma'isa, ga ta tsaye da goyo.

"A'a, ɓarauniyar ciniki! Ai na sake ki tun ranar da kika kwashe mini mata."

"Da ma wa zai zauna da mijin da sabulun kantinsa ya girme ni?"

"Ke da ranar sunanki kika yi kukan da ya sa ragon ya tsinke igiya!"

"Haƙoranka ya gani, lokacin suna nan. Kaka, mu ashirin ne. In mun cika, mai sari ya rage mana, shi ma kayansa sun fita rana guda. Tsintsiya ɗaya ba ta shara."

"Ai kuwa kun share ni tas."

Da dariya ya faɗa, amma muryar ta yi sanyi. Bai gaya wa kowa ba, ya riga ya fara neman mai sayen kantin.

Ruma'isa ta zauna kusa da shi.

"Buhu biyu muka kwaso makon jiya, duk ƙwari. Wajen awo kuma biyu daga cikinmu, Ɗela da Hajja, saura kaɗan su ba hammata iska. Mata sun ce kai za ka riƙa zaɓo mana kaya, ka ajiye nan, ka auna. Kowane buhu tiya ɗaya taka. Da tsohuwar zuma ake magani."

Illa ya murza carbi, ya dube ta.

"Wato duniya ta juya, yau mace ke zuwa biko?"

"To ya zan yi? Na zagaya kasuwa da kai, ko tayi ba a yi ba."

Ya tuntsire da dariya har da tari, ya share ido da bakin rawani. Sannan ya cika mata hannu da dabino.

"Ungo sadakinki, na maida ke. Ki ce da su ranar kasuwa su yi sammako, ni ba na jiran mai kwalliya."