Ranar Da Turaren Wutana Ya Kusa Sa A Yanke Mana Gas

Ko da zan manta da komai na zamana a New York, ba na jin zan manta da hannun da ya miƙo mini ƙwan fitila a ƙofar masallaci. Hannun na fara gani kafin fuskar: dogayen yatsu, farce a yanke tsaf, agogo baƙi. Ranar Juma'a ce, sanyi ya fara shiga, mun fito daga salla ni da Gwaggo, sai ga ɗan tebur a bakin titi an jera ƙwayayen fitila irin waɗanda ba sa shan wuta, ana rabawa kyauta. Mai rabon ya ji muna Hausa, ya ɗago ya ce wa Gwaggo, "Sannunku da fitowa, Mma." Hausarsa ta mutanen zangon Kumasi ce. Sunansa Isiyaka.

(Bari in faɗa muku wace ce ni a lokacin. Masu tahowa daga Kano kuka da daddawa suke cika jaka da su, ni kuwa rabin bakkona littattafan soyayya ne na kasuwa. Na haddace yadda ake haɗuwa: a miƙo maka abu, a haɗa ido, gaba ya faɗi. A wajena ƙwan fitilar nan babi na ɗaya ne.)

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, a wajenta nake zaune a Flatbush, ina aikin kula da tsofaffi. Marigayi mijinta ya daɗe yana jan tasi a filin jirgin sama na JFK kafin ya sayi gidan, tsohon gida ne mai hawa biyu. Da sanyi ya kama, iska ta ko'ina take shigowa, labule yana motsi alhali taga a rufe. Boilar da ke ɗakin ƙasa, wato tukunyar gas mai dumama gidan, tari take yi kamar tsoho mai mura. Gwaggo kuma ga ciwon gwiwa. Safa kan safa take sawa, duk da haka in ta zauna sai an kama ta take miƙewa.

Isiyaka ya yi mata bayani a nutse. Gwamnatin jiha da kamfanin wuta da gas suna da wani shiri: za a zo a duba gida kyauta, a gano inda ɗumi yake zurarewa, in aka gyara su ɗauke wani kaso na kuɗin aikin, ga mai ƙaramin ƙarfi ma su ɗauke mafi yawa. Amma sai an duba tukuna. Shi ne mai dubawar. Gwaggo ta ce ya zo ranar Asabar da hantsi.

Ita rangwame ta ji. Ni baƙo na ji zai zo.

A littattafaina, idan jarumi ya yi sallama a falo, ƙamshi ne yake fara tarbarsa, ya lumshe ido, ya ji ƙafarsa ta ƙi fita. Ina da turaren wuta na Maiduguri da na ɓoye don rana irin wannan. Matsalar ita ce Gwaggo ta hana garwashi a gidanta, kaskon lantarki take amfani da shi, ni kuwa na yi imani na lantarki ƙona turare kawai yake yi, ba ya fitar da ransa. Ranar Asabar da safe maƙwabciya ta kai ta asibiti gashin gwiwa. Tana fita na ɗauko ragowar gawayin da muka gasa nama da shi da bazara, na hura kasko uku. Na rufe tagogi da ƙofofi ruf, don kowace mace ta san sai an kulle ɗaki turare yake kama labule. Ƙararrawar hayaƙin da ke silin na hau kujera na cire mata batir (Allah Ya yafe mini). Na kifa kabbasa, na turara leshina, na shafa humra har bayan kunne.

Da hayaƙin ya lafa, sai na ɓoye kasaken da sauran garwashinsu: ɗaya a banɗaki, ɗaya a bayan ƙofar kicin, ɗaya a ƙarƙashin bene, daf da ƙofar ɗakin ƙasa. A littafi ba a ganin kasko. Ƙamshin daga jikin jarumar yake fitowa, haka aka halicce ta.

Ina zaune ina jira sai na fara jin kaina yana sarawa, zuciyata tana bugu da sauri, ga wani jiri mai daɗi-daɗi. Na jingina da kujera ina murmushi. Ashe gaskiya marubutan nan suke faɗa, in ji ni, haka abin yake.

Kusan tare suka iso, Gwaggo da sandarta, shi da jakar kayan aiki da wata 'yar na'ura rataye a ƙirjinsa. Ya yi sallama. Na amsa da muryar da na kwana ina gwadawa. Ya shaƙi iska, na zuba ido ina jiran lumshewar.

"Masha Allah," ya ce. "'Yar'uwa, akwai wuta a kunne a gidan? Murhu, garwashi, kyandir?"

Gwaggo ta nuna kaskon lantarkinta da ke kan tebur. "Wannan ne kawai, ɗana. Ni ba a shigo mini da garwashi."

Ya kalle ni. Na sunkuyar da kai cikin salo na ce, "Babu."

Bai yi taku biyar ba na'urar ƙirjinsa ta fara tsuwa. Yana matsawa wajen ƙofar ɗakin ƙasa tana ƙara ƙarfi. Fuskarsa ta canza. "Mma, ku fita waje. Yanzu. Kada ku tsaya ɗaukar komai."

Haka muka tsinci kanmu a bakin titi, dusar ƙanƙara ta rufe matakala, ni da leshi mai sharara da takalmi mai tsini, maƙwabta suna leƙowa ta taga. Ya shiga ya bubbuɗe tagogi, ya fito da waya a hannu. Ya ce na'urar tana jin wata iskar guba ce da wuta take fitarwa, ba ta da launi ba ta da wari, tana kwantar da mutum ya ƙi tashi. Tunda babu wata wuta a gidan, boilar ce take yoyo. Ƙa'idar aikinsa ita ce ya kira kamfanin gas su zo su rufe, ba za a buɗe ba sai an gyara an sake dubawa.

"Kwana nawa ke nan?" in ji Gwaggo.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, Mma. Yana iya ɗaukar lokaci."

Gwaggo ta dafa sandarta da hannu biyu, ta dubi gwiwoyinta, ta dubi gidan. Na ga leɓenta yana rawa don sanyi. Shi kuma ya fara danna lamba.

Na rantse muku na nemi wani babi a kaina inda jaruma ta fita daga irin wannan da mutuncinta, ban samu ba.

"Malam Isiyaka," na ce. Muryar da na kwana ina gwadawa ta gudu, ta gidanmu ce ta fito. "Akwai kasko a ƙarƙashin bene."

Ya sauke wayar.

"Da bayan ƙofar kicin."

Ya ɗaga gira.

"Da banɗaki."

Ɗaya bayan ɗaya ya fito da su, da safar hannu, ya jera a kan ƙanƙara suna cuu, tururi yana tashi. Wata tsohuwa 'yar Jamaika da ke gidan kusa ta tambaya ko biki muke yi. Gwaggo ta dubi kasaken, ta dubi jan bakina, ta dubi leshin, ta dubi Isiyaka, sai na ga lissafin ya fita a idonta.

"Oho," ta ce. "Ni na ɗauka gidan za a duba."

Isiyaka ya yi kamar bai ji ba, Allah Ya saka masa. Ya tambaye ni ko kaina yana ciwo, ko zuciyata tana bugu, ko ina jin jiri. Na ce tun safe. Ya ce alamomin gubar ke nan, in zauna a iska, in kuma je a duba ni a asibiti yau ɗin nan. Sannan ya ƙara da cewa, don ya kwantar mini da hankali, "Kada ki ji kunya, 'yar'uwa. Matata ma sai da na ɓoye mata kaskonta."

Matata. A nan littafin ya ƙare, ko shafin godiya babu.

Amma ba a yanke gas ba. Da iska ta wanke gidan na'urar ta yi shiru, ko a gaban boilar. Ya dawo wani makon (na tarbe shi da hijabi har ƙasa, ina warin sabulu), ya toshe ƙofar gida da jan tamfol mai ƙatuwar fanka a tsakiya, ya bi bango yana nuna mana inda iska take shigowa. Shirin ya amince da gidan. Aka cusa wa rufi da bango wani abu kamar auduga, aka liƙe tagogi, aka sauya boilar da rangwame, aka kafa ƙararrawar iskar guba a kowane hawa. Kafin sanyin ya fita Gwaggo tana zama a falo da safa ɗaya, tana miƙewa salla ba tare da ta kira ni ba. Duk baƙuwar da ta yaba ɗumin gidan sai ta ce, "Ku gode wa 'yar nan, ita ta yi wa ma'aikacin tarba ta musamman."

Abin da na koya bai da yawa: in namiji ya zo kika ji jiri da bugun zuciya, fara buɗe taga tukuna. In ya wuce, to ba shi ba ne.

Bayan shekaru na yi aure, mijina direban bas ne mai asma, ko turaren tsinke ba a kunnawa a gidanmu. Isiyaka kuwa ya buɗe kamfaninsa na gyaran gidaje a unguwar Bronx, motocinsa suna yawo a babban titin Grand Concourse. Kwanaki wata ƙawata ta ce yaransa sun je duba gidan yayanta, tun daga bakin ƙofa suka tambayi matar gidan ko akwai turaren wuta. Ta ce babu. Sai suka ce maigidansu ya ce a tambaya sau uku, kuma a leƙa banɗaki.