Ranar Da Aka Kira Ni In Kashe Tambara

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai ni gidan telebijin ba. Ku matso ku ji, amma kada wanda ya yi dariya sai na kai ƙarshe.

Ni dai a unguwar Zariya ta nan Maraɗi da kamun kai aka san ni. Ban yi lakkwal ba, wato boko, amma in ana suna ko zaman makoki, ni ake shimfiɗa wa tabarmar gaba. In mata biyu suka yi faɗa a bakin famfo, wurina ake kawo su. Ba a ganin haƙorana a waje (wasu sun ce don saura kaɗan ne, Allah ya yafe musu).

Ana nan ana nan, sai wani gidan telebijin na nan Maraɗi ya fara sa wani wasan mutanen ƙetare da aka mayar Hausa, kullum bayan la'asar. Labarin wata Tambara ne, ɗiyar sarkin wani birni a ƙarƙashin tafki, mai hawan maciji mai fukafukai kamar yadda 'yan kabu-kabu ke hawan babur. Ranar farko na ce a kashe shirmen nan. Rana ta biyu na ce a rage murya. Rana ta uku na jawo 'yar kujerata, na juya wa telebijin baya, na fuskanci kabad ɗin kwanonina, na ce ni wake zan tsince.

Kabad ɗin nan kuwa gilashi gare shi. Komai yana fitowa a ciki tsaf, har gashin girar Tambara.

Wata bakwai ina tsintar wake. Wata rana surukata Hadiza ta ce, "Inna, waken nan ai tun shekaranjiya ya tsintu."

Na ce, "Ke mi kika sani game da wake?"

Abin kunyar shi ne, yadda son wasan ke ƙaruwa a zuciyata, haka bakina ke ƙara zaginsa a waje. A wani suna a Jiratawa har na miƙe tsaye na ce duk babbar macen da ke kallon maciji yana tashi sama ta zubar da girmanta. Tsofaffin wurin suka yi ta gyaɗa kai.

Maganar ta kai kunnen Isuhu, ɗan maƙwabciyata, wanda ke gabatar da shiri a gidan telebijin ɗin. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Inna, manyanmu sun ce wasan nan na yara ne, dattawa ba sa kallonsa, ɓata musu rai ma yake. Ranar Juma'a za a cire shi, a sa shirin kula da ciwon gwiwa. Muna son babbar mace irinki ta zo ta faɗa da bakinta."

Na ce, "Wa suka tambaya?"

"Ta salula aka tambaya, Inna. Samari ne suka amsa."

A makon nan kuwa Tambara ta isa bakin kogon da aka ɓoye ƙanenta, wanda aka mayar dutse. Saura ƙiris ta fiddo shi. Amma ta yaya zan ce a'a, bayan rabin Jiratawa sun ji ni? Na daure fuska na ce, "Madalla. Da ma an daɗe."

Ranar Alhamis na sa atamfata ta zuwa biki, Hadiza ta raka ni. Aka zaunar da ni a wani ɗaki mai sanyi kamar randa, fitilu a ido, aka maƙala mini wani ɗan baƙin abu a mayafi. Isuhu ya ce duk abin da na faɗa a nan take za a ji shi har Tsibiri.

Na fara da kyau, wallahi. Na yi maganar tarbiyya, na yi maganar zamaninmu da ba mu san komai ba sai daka da tatsuniya. Isuhu yana ta "Haka ne, Inna." Sai ya ce, "Misali ma, yarinyar nan da ta mayar da ƙanenta dutse don ta gaji sarauta. Wane darasi yara za su koya?"

Ban san sanda na katse shi ba.

"Wa ya gaya maka ita ce?"

Ya ce, "Na'am?"

"Na ce wa ya gaya maka! Wazirin ubanta ne, munafukin nan mai gemun akuya! Shi ya zuba masa tokar kunama a fura! Ita baiwar Allah kwana arba'in tana tafiya ba takalmi, ta ba da muryarta ga tsohuwar rijiya, ta yi faɗa da dakaru bakwai da takobi a hannun hagu, kai kana zaune a nan cikin sanyi kana yi mata ƙazafi!"

Mai riƙe da kyamara ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Na hango Hadiza ta cusa bakin mayafinta a baki.

Da a nan aka tsaya, da da sauƙi. Da sai in ce jikoki ne suka ba ni labari. Amma Isuhu, don ya ceci kansa, ya ce a buɗe layin masu kira. Muryar farko na gane ta tun daga sallama: Hajiya Tabawa ta Tsibiri, wadda ta fi kowa gyaɗa kai a sunan Jiratawa.

Ta ce, "Hajiya, duk abin da kika faɗa gaskiya ne, sai ɗaya. Takobin a hannun dama yake."

Na ce, "Hagu! Da idona na gani!"

"Dama ne, 'yar'uwa. Ni ma hagu nake gani, sai da madubina ya fashe na juyo. Ke a cikin mi kike kallo, madubi ko kabad?"

Jama'a, na roƙi ƙasa ta buɗe, ta ƙi. Ga fitilu, ga Maraɗi duka tana kallo. Na ji bakina da kansa ya ce, a hankali, "Kabad."

Daga nan waya ba ta huta ba. Wata ta ce ita a murfin tukunya take kallo. Wata ta ce barcin ƙarya take yi da ido ɗaya. Wani dattijo daga Jiratawa ya ce shi ba ya kallo sam, amma in aka cire kafin a fiddo yaron nan daga kogo bai yafe ba. Ko yaro ɗaya bai samu layi ba.

Ba a cire wasan ba. Manyan gidan telebijin dai sun gano tsofaffi na kallo, shi ne yanzu duk sanda Tambara ta zare takobi sai su yanke su sa mana tallar man zafi. Har yau ba su fahimce mu ba, amma mun gode.

Ni kuwa mako biyu ban leƙa ƙofar gida ba. Da na fita, matan bakin famfo suka daina kawo mini ƙarar faɗa, sai tambayar ko wazirin zai mutu. Abin da na koya a tsufana shi ne, in kana son abu, ko ba ka yabe shi ba, ka yi shiru. In ka cika zaginsa a gaban mutane, ranar da za a binne shi kai za a miƙa wa fartanya.