Shaidar da Na Bayar a Kan Malam Garba

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata ba, shekara guda bayan samun mulkin kai, ina sabon akawu a wani ɗan ofishi mai kula da allurar shanu a Tambuwal.

Shugabanmu, wanda muke kira Maigida, bai taɓa yin kuskure ba. Idan aiki ya ɓaci, sai ya tara mu a bakin ƙofa ya zaɓi wanda zai ɗora wa laifin. Mu kuwa kowa ya sunkuyar da kai, yana addu'ar kada yatsan ya tsaya kansa.

Ran nan makiyaya suka koro shanu tun daga Fakku, saboda takardarmu ta ce ranar Talata za a yi allura. Alhali sai Alhamis allurar za ta iso. Maigida da bakinsa ya ce Talata, ni kuma na buga a tafireta. Dabbobi sun galabaita, mutane sun fusata.

Maigida ya nuna Malam Garba, dattijon da ya koya mini aikin.

"Wanga tsoho shi ab buga ta. Kai, ba gabanka anka yi ba?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, gabana anka yi." (Da na tsaya nan ma da sauƙi. Sai na ƙara da cewa har na yi masa gyara ya ƙi ji.)

Malam Garba ya dube ni, babu fushi a fuskarsa.

"Ɗana, ran da anka buga ta ina Jabo wurin jana'izar ƙanwata. Ai kai da kanka kar riƙa man keke na hau."

Kowa ya san haka aka yi. Na ji kamar an tuɓe mini riga a tsakiyar kasuwa.

Maigida ko gezau. Ya juyo kaina ya ce, "Ashe maƙaryaci munka ajiye!" A gaban makiyayan ya zage ni tas, kafin sati ya tura ni Kebbe. Batun Talatarsa kuwa babu wanda ya sake tayarwa.

Sai da na yi wata biyu kafin na iya zuwa neman gafarar Malam Garba. Ya ce tsoro ne, shi ma ya san shi, ya yafe.

Tun daga nan na gane cewa yin ƙarya don kare azzalumin shugaba ba ya fitar da kai daga layin waɗanda zai ɗora wa laifi. Gaba kawai yake matso da kai.