Rasuwar Hajja, Kwamfutar Malam Madu ta Bolori

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma kunya wadda ta ɗan fi baƙin cikin nauyi, Malam Madu Ba'ana na Bolori yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, wadda a gida ake kira Hajja. Ta rasu ranar Talata da hantsi tana da shekara tara a duniya. Ta tafi da kundin digirinsa na biyu, babi biyar cif, ana saura kwana goma sha ɗaya ya gabatar da shi a gaban malamai. Ba shi da kwafinsa a ko'ina.

Marigayiya baiwar Allah ce mai haƙuri. Ta sha zafin Maiduguri ba ta taɓa ƙorafi ba, iyaka fankarta ta yi "fuuuu" ta ci gaba da aiki. Lokacin da garin nan ya daɗe babu lantarki, a kan solar maƙwabta ta rayu. Kullum da safe takan gaishe shi da "tirin-tin", kuma wannan murya ce yake ta ji a kunnensa tun shekaranjiya.

Ba wanda zai ce bai kula da ita ba. A tsohuwar lafayar matarsa Ammatullahi yake naɗe ta saboda ƙura. Ranar Juma'a har turaren wuta ake yi mata. Jakarta ma kwaɗo gare ta, makullin yana wuyansa.

Sai dai jinyarta ta daɗe, kuma shi ne silar ciwon. Shekara huɗu burauzarta, manhajar shiga intanet, tana roƙon a sabunta ta, shi kuwa yana danna "anjima", wai kada ta shanye masa data. Da ta fara nuna jan gargaɗi a kan wasu shafuka, sai ya shiga saiti ya kashe tsaron gaba ɗaya, don jan yana tayar masa da hankali. Duk shafin da ya nemi izini kuwa, na kyamara ne ko na turo saƙo, ba ya hanawa. A gidan kakarsa Ya Gumsu ya tashi, inda ba a taɓa mayar da baƙo daga bakin ƙofa ba, ya ɗauka haka ake yi a intanet.

Ranar ajali, wani saƙo ya faɗo yana cewa Hajja na ɗauke da cututtuka talatin da bakwai, a danna nan a sami magani. Malam Madu, mutumin da ke koyar da 'ya'yan mutane, ya danna, har da godiya a zuciyarsa. Ta yi "ƙit" sau ɗaya, fuskarta ta yi baƙi.

An garzaya da ita shagon Chinonso mai gyara a Lamisula. Ya buɗe, ya duba, ya daɗe yana girgiza kai. Ya ce shekararsa ashirin a wannan aiki, bai taɓa ganin maigidan da ya buɗe wa ɓarawo ƙofa har ya kawo masa shayi ba.

Ta rasu ta bar caja ɗaya, da linzami mai ciwon gefe, da sabon filas na ajiyar bayanai da Ammatullahi ta sayo bara don a kwafe kundin. Har yau yana cikin ledarsa. Ammatullahi dai ta ajiye masa shi kusa da kwanon abinci.

Za a yi jana'iza gobe Juma'a bayan la'asar, a ƙasan kantar Chinonso, inda 'yan'uwanta suke kwance. Zaman makoki a gidan Malam Madu ne, kwana tara, a gaban kwamfutar aro. Ba a buƙatar goro ko dabino. Amma abokan nan da ya yi ta tura wa babi-babi su duba masa, suka ce sun karanta alhali ba su ko buɗe ba, ya yafe musu duniya da lahira. Don Allah su duba wayoyinsu, su zo da abin da suka samu, ko shafi ɗaya ne.