Bikon Barira a Cikin Tabarmar Roba

Wannan shi ne tarihin sadauki ɗan sadauki, Malam Tasi'u na Funtuwa, ɗan Baffa mai gyaran fitila, jikan Na'iya wanda ya taɓa korar kare daga mahauta da hularsa kaɗai. Gwarzon alƙalami, dodon maɗaba'a, wanda ya aurar da gimbiyoyin zamanin da a takarda fiye da auren da limamin unguwa ya ɗaura a zahiri. A littattafansa na soyayya yarima yakan ɓad da kama ya zama mai tallar goro, gimbiya takan suma daidai inda hannun masoyi yake jira, zobe yakan faɗa ƙwaryar fura. Amma makaminsa mafi kaifi shi ne darduma: a naɗe jarumi a ciki, bayi su kai shi har ɗakin masoyiya, a warware, ta yi dariya, fushi ya ƙare. Mu 'yan alƙalami mun sha yaba masa wannan hikima, don dukkanmu mun sace ta.

Ibtila'in ya faro ne ranar da ya goyo matarsa Barira a babur daga gidan suna. Ya tsaya shan mai, ta sauka, aka zuba, ya ja babur ya yi gaba, yana zayyana wa iska yadda babi na gaba zai kaya har ƙofar gida. Da baiwar Allah ta iso a ƙasa, takalmi a hannu, sai ya dube ta ya ce, "Ai kin rasa wuri mafi daɗi a labarin." Kafin la'asar ta yi yaji.

Gida ya zama kufai. Sadauki ya sha garin kwaki har ya gode Allah, kuma a faɗi gaskiya, kewarta ta fi yunwar damun sa. Dattawa suka ce a yi biko yadda aka saba, a tura manya, a ba da haƙuri. Tasi'u ya ga wannan ƙasƙanci ne ga ma'abocin fasaha irinsa. Ya daki ƙirji ya yi kirari: "Sai ni na Barira, mai shiga gida ba sallama!"

Darduma ba ta samu ba, sai tabarmar roba ta tsakar gida. Bayi kuma an daina yayinsu, sai Ɗanliti mai turin kura. Aka naɗe jarumi, aka ɗaure da igiyar shanya, aka aza a kura, runduna ta ɗaga zuwa gidan iyayen Barira da rana tsaka cikin azama da tawakkali, ta keta kasuwa, ta haye kwalbati, ta auka kowane rami da ke hanya ba ta tsallake ko ɗaya ba, amirin yaƙi yana gasuwa a ciki kamar masara.

A nan aka ga abin da marubuci ya manta. Bayin littafi suna kutsawa har ɗaki, amma Ɗanliti ɗan mutunci ne, ba ya wuce zauren gidan matan aure. Ya dire kaya, ya ƙwala, "Saƙo daga Malam Tasi'u!" ya kama gabansa.

Wadda ta fito ita ce Inna Kulu, surukarsa, wadda bai taɓa yarda sun haɗa ido ba. Ita da Barira suka ja tabarma kiii zuwa tsakar gida. Barira ta leƙa, ta ga dugadugai biyu da ta sha shafa wa man kaɗanya saboda faso. Ba ta yi dariya ba, ba ta suma ba. Ta ɗauko faifan shinkafa, ta zauna daram a kan sadauki ta fara tsinta. Shi kuwa kunyar suruka ta hana shi ko nishi.

"Inna," in ji Barira da ƙarfi, "na karance littattafan Malam kaf. Jarumansa sun haura ganuwa, sun yi shigar mata, sun shiga darduma. Ko ɗaya bai taɓa buɗe baki ya ce yi haƙuri ba."

"To yi ta zamanki," in ji Inna Kulu. "Shinkafar da yawa."

Tasi'u ya laluba taskar balagarsa, ya zazzage azancin yarimomi da kirarin barade, bai sami abin da zai ɗaga mace daga bayansa ba. Can sai wata 'yar murya ta fito kamar ta ɗan kyanwa: "Barira, yi haƙuri. Na bar ki a gidan mai."

"Inna, kin ji tabarma tana magana?"

"Kunnena ya tsufa, 'yar nan. Ta ƙara."

Tabarma ta ƙara, har maƙwabta suka shaida.

Inna Kulu ta juya fuska bango aka warware shi, ya fice da rarrafe, hula a hannu. Barira ta koma ɗakinta a ranar, tabarma kuma ta zauna gidan Inna a matsayin ganimar yaƙi. Tun daga lokacin, duk sanda sadauki ya goyo matarsa, ba ya shan kwana bai waiwayo ya ce, "Kina nan?" ba. Ita kuwa takan yi shiru da gangan, sai ya taka birki ya duba.