Rasuwar Ɗan Goyo, Wanda Ya Tafi da Maganar Yaya a Cikinsa

Da zuciya cike da baƙin ciki, da hannun da bai san biro ba sai da furfura ta fito, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wani mai ajiye tsofaffin kayan lantarki a ƙarƙashin gado, rasuwar Ɗan Goyo. Ya cika ranar Talatar makon jiya da hantsi, a kan teburin ɗakina, yana da shekara tara a duniya.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, ɗan akwati ne baƙi, bai fi sabulun wanki girma ba, ana soka shi a bayan tsohuwar kwamfutata don ya riƙe mata abin da aka rubuta. Mai ɗakina ce ta raɗa masa suna ranar da ya iso. Ta leƙa ta gan shi maƙale a bayan kwamfutar, ta riƙe haɓa ta ce, "Au, Tsohuwa ta haihu da tsufanta? Ga ta nan da ɗan goyo." Sunan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Ita Tsohuwa ta haura shekara arba'in. Maigidana na ofis ne ya ba ni ita ranar da na ajiye aikin masinja, bayan shekara talatin da ɗaya ina kai takardu daga tebur zuwa tebur ban san abin da ke cikinsu ba. Ina da shekara hamsin da biyu na shiga ajin manya, wata malama da ba ta kai 'yata ba ta koya mini baƙi da wasali. Rubutuna da biro har yau kamar kaza ta bi ta kan takarda yake, amma a kan Tsohuwa harafina daidai yake da na kowa. Matsalarta ɗaya ce a lokacin: a faifai take ajiya, fayafayan kuwa gurnani suke yi, su ci rabin abin da aka ba su. Ɗan Goyo ne ya raba mu da wannan. Wani bawan Allah ne a wata ƙasa yake haɗa irinsa da hannu a gidansa, saboda masu tsofaffin kwamfutoci irin tawa. Wata huɗu na jira kafin ya zo.

Marigayin mai kawaici ne. Bai taɓa neman mai ba, bai taɓa neman batir ba. Idan aka kunna Tsohuwa sai ya buɗe ɗan koren idonsa ya ce, tit. Idan ka ba shi ajiya ya karɓa, sai ya ce, tit-tit. Iyakar maganarsa ke nan a duniya, kuma bai taɓa faɗinta a kan ƙarya ba. Ni da ba mai yawan magana ba ne, na samu aboki daidai da ni.

Abin da ya ɗauka a cikinsa shi ne dalilin wannan sanarwa. Ina da yaya mace guda ɗaya, ta girme ni da shekara goma sha ɗaya. Ita ta raine ni bayan Inna ta rasu ina ɗan shekara uku. Ban san fuskar Inna ba, babu hoto. Duk abin da na sani game da ita daga bakin Yaya ya fito. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce muka soma zama ranar Asabar da safe, duk makon da hali ya yi, ita tana magana, ni ina neman haruffa da yatsa biyu. Takan ce, "Auta, kai da wannan ƙwanƙwasar taka, kafin ka gama layi ɗaya na mutu." Mun yi zama ɗari biyu da goma sha biyu. Gidan da aka haife mu, rijiyar da ta rufta, akuyar da ta cinye takardar asibitin Baba, wa ya auri wa, wa ya yi fushi da wa har ya mutu. Duk suna cikin Ɗan Goyo.

Shekara biyu ke nan da abubuwa suka fara zamewa daga kan Yaya, muka dawo da ita gidanmu. Sai zaman Asabar ya juya. Yanzu ni nake karanta mata, ita tana saurare. Wani lokaci ta yi dariya ta ce, "Wa ya gaya maka wannan?" In ce, "Ke." Ta ce, "Ashe ina da baki." Duk ranar da na karanta mata, takan wuni ta san sunayenmu, ta ci abinci ba a lallashe ta ba. Mai ɗakina shaida ce.

Game da jinyar marigayin, gajeriya ce, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya riƙe abin da zan faɗa a cikinsa. Ranar Talatar na fita karɓo maganin Yaya, na bar Tsohuwa a kunne. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba. Yaya ta shiga ɗakin, ta taɓa Ɗan Goyo ta ji shi da ɗumi, kamar yadda yake kullum idan yana aiki. Mai ɗakina tana wanki a tsakar gida ta ji ta tana cewa, "Yaron nan zazzaɓi yake yi, ba wanda ya kula." Ta ɗauka ɗaya daga cikin maganganunta ne. Yaya ta ɗauko bargonta ta ninka huɗu, ta lulluɓe shi da Tsohuwa gaba ɗaya, ta cusa gefe da gefe yadda iska ba za ta shiga ba. Haka take yi mini ina ƙarami. Layi ya yi tsawo a kantin magani. Awa uku na yi. Da na shigo na ji ƙaurin roba, na yaye bargon, sai ya ce tiiiii, doguwa, wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba. Idonsa ya rufe ina kallo.

Yaya tana zaune a bakin gado. Ta ce, "Ya yi gumi?" Na ce, "Ya yi, Yaya." Ta ce, "To zai tashi."

Ba ta san ita ce sanadi ba, kuma ba za ta sani ba. Wanda ya zo gaisuwa ya kama bakinsa a gabanta.

Marigayin ya rasu ya bar Tsohuwa, wadda har yanzu tana farkawa idan an kunna ta, sai dai ba ta san kowa ba. Ya bar tsohuwar talabijin da ke nuna rubutunsu, da na'urar bugawa wadda zaren tawadarta ya ƙare shekara shida da suka wuce, aka neme shi aka rasa. Wannan ita ce amsata ga mutum bakwai da suka riga suka tambaye ni me ya sa ban buga a takarda ba. Ya kuma bar 'yan uwansa na farko, fayafayai arba'in da uku, waɗanda na kwashe abin cikinsu na zuba masa, sannan na ba maƙwabciyata da ta roƙa. Ta huda su ta rataye a lambunta don korar tsuntsaye. Ranar Laraba na je na tsaya a cikin tumatirinta ina kwance su ɗaya bayan ɗaya. Rana ta lanƙwasa su kamar busasshen ganye. Ta ce, "Baba, da ka ce mini na karatu ne ai da ban huda ba." Na tattara su na koma gida.

Na kai gawar wurin mai gyara. Ya buɗe ta, ya sa madubi a ido, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Baba, gaskiya ya soyu. Amma ƙwayar da ke riƙe da rubutun kamar da sauranta. A manne take, ba irin wadda ake zarewa ba ce. In ka samo mini ɗan uwansa, irinsa sak, zan ɗaga ta in dasa a can. Ban yi maka alkawari ba fa." Na aika wa wanda ya ƙera shi saƙo. 'Yarsa ce ta amsa, ta ce mahaifinta ya rasu bara, kuma duka-duka bai haɗa fiye da ɗari biyu ba.

Asabar da ta wuce Yaya ta ja kujerarta ta zauna a inda ta saba. Na kunna Tsohuwa, na zuba wa allon ido, babu komai a kai sai ɗan farin ɗigo yana ƙiftawa. Na soma karantawa daga kaina kamar ina gani. Na ɗauko labarin akuya. Na ce farar akuya. Yaya ta buga cinyarta. "Ƙarya kake, Auta! Ja ce, mai karyayyen ƙaho. Kuma ba takardar Baba ta fara ci ba, ɗankwalin Inna ta fara ja daga igiya." Maganar ɗankwalin nan ba ta cikin zama ɗari biyu da goma sha biyu. Ban taɓa jin ta ba. Sai na yi ƙarfin hali na tambaye ta kai tsaye abin da ya fi damuna game da Inna. Ta dube ni ta ce, "Wace Innar?"

Abin da ya fi damuna shi ne zama na ɗaya. A ranar Yaya ta gaya mini abin da Inna ta ce a kaina kafin ta cika, maganar da ta riƙe shekara hamsin da wani abu ba ta faɗa ba. A lokacin sabon hannu ne ni, hankalina duk yana kan neman haruffa, idona kuma cike da hawaye. Na rubuta ta, amma ba ta zauna mini ba. Ban sake buɗe wurin ba, kullum ina cewa sai ranar da na ji ƙarfi. Farkonta kawai nake tunawa: "Wannan yaron, in ya girma..." Sauran yana cikin wata ƙwaya da ba ta kai farcen ɗan yatsana ba, a aljihun teburin mai gyara.

Saboda haka, ga tsarin jana'iza.

Gawar za ta ci gaba da zama a shagon mai gyara, na uku daga tashar mota, mai karyayyar fanka a ƙofa, har zuwa yammacin Juma'a. Duk wanda yake da irin wannan akwati, mai rai ko matacce, ko ya san wanda ya taɓa ganin irinsa, don girman Allah ya kai can. Baƙi ne, da koren ido ɗaya, da haƙora masu ruwan zinariya a gefe guda. Ku duba ƙarƙashin gado, ku duba kwalayen da iyayenku suka bari. Ina roƙo, ni da ban saba roƙo ba.

Za a taru a gidana ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Kada a zo da kuka, kada a zo da shawara. Kowa ya zo da littafin rubutu da biro, don hannuna ba ya sauri. Za a zauna a bayan kujerar Yaya, a yi shiru. Zan kunna Tsohuwa in karanta daga allon da babu komai, kuma zan riƙa faɗin abubuwa ba daidai ba da gangan. Kada wanda ya gyara mini. Idan ta ɗaga kai ta ce ƙarya nake, ku rubuta duk abin da ya biyo baya, har da zagin.

A ƙarshe zan zo kan zama na ɗaya. Zan ce, da babbar murya, Inna ta rasu ba ta ce komai a kan Auta ba.

Idan Yaya ta buga cinyarta, ku sa biro a takarda.

Idan ta yi shiru, a karɓo Ɗan Goyo daga wurin mai gyara, a naɗe shi a cikin bargon nan. Ni zan haƙa ramin da kaina, a gindin katangar baya.

Sanarwa daga Auta, a madadin Yaya da sauran iyali.